Shigar da waya da kwamfuta cikin jinyar tsofaffi: jagora ga likitocin Damagaram

A Nijar waɗanda suka haura shekara 60 ba su kai kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, kuma duk wanda ya san cikin likitocinmu ya san cewa an gina aikinsu ne bisa uwa da jariri. Tun 2006 ake duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, rijistocin awon ciki da na rigakafi su ne suka cika teburin majo, wato ma'aikacin jinya mai shugabantar likita, alƙaluman da ake hawarwa kowane wata cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira kuma ma'aikatar kiwon lafiya ke amfani da ita, su ma galibinsu na zazzaɓin cizon sauro ne da tamowa da haihuwa. Ciwon tsoho kuwa ba na kwana uku ba ne da za a ba shi magani ya warke a rufe shafinsa. Hawan jini, ciwon sukari da sanyin ƙashi abokan zama ne, sai dai a yi ta bin su wata bayan wata, kuma wannan bibiyar ita ce abin da takarda ta kasa yi mana. Nan ne na'ura za ta yi amfani, muddin mai tsarawa ya yarda da abu ɗaya tun daga farko: na'urar tana hannun ma'aikaci, tsohon kuwa murya da fuskar mutum yake buƙata. Wannan bayani na majo ne mai riƙe da CSI, wato ƙaramar likitar unguwa ko ta ƙauye, da shugaban asibitin gunduma, da duk wata ƙungiya da ta samu kuɗin irin wannan aiki tana neman ta inda za ta fara.

Mataki na farko ba ya cin ko dala. Kafin a sayi komi, mutum biyu daga cikin ma'aikata su ɗauki mako guda suna zama a bencin jira da littafi a hannu, suna bin duk wani dattijo ko dattijuwa daga shigowarsa ƙofa har fitarsa, suna rubuta wanda ya rako shi, abin da ya hawo, tsawon jiran da ya yi, wanda ya biya kuɗi, da wanda ya karɓi bayanin yadda za a sha magani. Na taɓa zama irin wannan zaman a wata likita ta bayan gari, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da leda, cikin ledar akwai karne, wato littafin likita na mara lafiya, har guda uku, ɗaya nata, ɗaya na kishiyarta da ta rasu, ɗaya kuma ruwa ya cinye rubutunsa, ga kwalayen magani da babu komi ciki. Ma'aikacin ya ce, "Inna, kuna da lambar waya?" Ta ce, "Akwai ta yaron nan," ta miƙa wata 'yar takarda. Da aka bincika, yaron jikanta ne, yana Agadas wurin aiki wata bakwai ke nan. Da an tsara saƙon tunatarwa bisa wannan lamba, da kowane wata saƙo yana sauka Agadas, rahoto kuma yana cewa an sanar da mara lafiya. Irin wannan ba ya fitowa a taron bita, sai a benci.

Bayan makon kallo, a zauna da dattawan kansu, maza daban mata daban, tare da masu unguwanni da 'yan kwamitin kula da likita, a tambaye su abin da ke hana su dawowa. Amsoshin sukan zo a fili: kuɗin kabu-kabu ko adaidaita, rashin ɗan rakiya, dogon jira ga mai ciwon baya, da kuma ganin cewa tunda kai ya daina ciwo ai an warke.

Mataki na biyu shi ne zaɓen matsala guda ɗaya tak. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce za a mayar da komi cikin kwamfuta lokaci guda, karɓar kuɗi, ma'ajiyar magani, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin haihuwa, sai ma'aikata su gaji cikin wata biyu su koma ga rijista. Shawarata ita ce a fara da bibiyar masu hawan jini, wato tansiyo, domin su ne suka fi yawa cikin tsofaffin da ke zuwa, awonsu ba shi da tsada, maganinsu na kullum ne, kuma sakaci da shi yana kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, waɗanda ke durƙusar da gida gaba ɗaya. A rubuta manufar cikin jimla ɗaya da kowa zai iya haddacewa, misali: duk mai hawan jini da aka yi wa rijista a san ranar dawowarsa, idan bai zo ba a neme shi cikin mako guda. Idan wannan ya zauna da gindinsa, ƙara masu ciwon sukari ba zai yi wuya ba, tunda hanyar ɗaya ce.

Mataki na uku ya fi kowanne cin rai, kuma shi ne wanda masu sayar da manhaja ba su cika ambata ba: yadda za a gane mutum idan ya dawo. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, waɗanda ke da katin ɗan ƙasa kuwa sau da yawa an rubuta musu cewa an haife su wajajen shekara kaza, babu rana babu wata. Manhajar da ke tilasta a cika rana da wata za ta sa ma'aikaci ya riƙa saka 1 ga Janairu ga kowa, ranar haihuwa ta daina rarrabe kowa da kowa. Dole fom ɗin ya karɓi shekara kaɗai, ya kuma nuna cewa ƙiyasi ce. Domin ƙiyasin ya yi kusa da gaskiya, a manna wa ma'aikaci 'yar takardar abubuwan da kowa ke tunawa: samun 'yancin kai a 1960, zamanin Diori Hamani, juyin mulkin Seyni Kountché a 1974 da farin da ya gabace shi, da yunwar 1984. Tambayar "kuna da 'ya'ya nawa lokacin da Kountché ya hau?" ta fi "shekarunku nawa?" samar da amsa.

Sai suna. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Mahamadou, gobe Mamane, jibi Maman, wani ma'aikacin ya rubuta Ousmane wani ya rubuta Usman, kwamfuta kuwa ba ta san ɗaya ba ne, sai ta buɗe masa fayil uku, tarihin awonsa ya rabu kashi uku. Ga kuma alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, wani lokaci har na ɗanta na fari, sunan da aka san ta da shi a unguwa kuma ba shi ne na yanka ba. Saboda haka a ba kowane mara lafiya lamba ta kansa, a rubuta ta da manyan alƙaluma a bangon karnensa da kuma a wani ƙaramin kati mai leda, a kuma tanadi gurbi na sunan yanka, sunan uba, laƙabi, unguwa ko ƙauye, da sunan mai unguwa. Likita ta tsayar da salon rubutu ɗaya ta rataye shi a bango. Kafin a buɗe sabon fayil, doka ce a fara nema da unguwa da laƙabi. Wasu za su kawo shawarar zanen yatsa, to a yi hattara, domin yatsun da suka shekara 50 suna riƙe hauya ko dakan hatsi zanensu ya shafe, tsufa ma yana ƙara dusashe shi, na'urar takan ƙi karanta su, sai a bar dattijo yana ta dangwala yatsa layi yana kallonsa. Hoton fuska da izinin mai shi ya fi sauƙi, wanda bai so ba kuma a ƙyale shi.

Mataki na huɗu shi ne sanin wayar wa za a kira. A rubuta lamba biyu idan akwai, a kuma rubuta gefen kowace ɗaya ko ta wace ce, ko mai ita yana kwana gida ɗaya da mara lafiyar, kuma ko mara lafiyar ya yarda a faɗa masa ciwonsa. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ladabi kawai ba ne. Nijar tana da dokar kare bayanan sirri na mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai lura da ita, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda suka fi tsanani. A aikace ma akwai dattijon da ba ya son surukarsa ta san yana fama da matsalar fitsari, akwai Hajiyar da ba ta son 'ya'yan kishiya su san ƙwaƙwalwarta ta fara rauni. A nemi izinin da baki, da Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Buzanci, gwargwadon harshen mutum, lokacin da ɗan rakiya ya ɗan ja baya, sannan a rubuta cewa an nema an samu. Ma'aikaci ya fuskanci tsohon yana yi masa magana, kada ya juya ga yaron da ya rako shi kamar mai ciwon ba ya wurin.

Game da saƙon kansa, rubutaccen saƙo ba shi da tasiri sosai a nan. Da yawa daga cikin tsofaffi ba su yi boko ba, waɗanda suka iya karatu da yawansu ajami suke karantawa, ido kuma ya yi rauni, wayar hannunsu ƙarama ce mai maɓallai. Akwai ma wani abu na fasaha da ya kamata mai lissafin kuɗi ya sani: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an saka haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka, wasu tsofaffin wayoyin ma sai su nuna akwatuna a madadin haruffan. Kira da murya shi ne hanya. Ga likitar da ke bin mutum 100 ko 200, ba a buƙatar wata na'ura mai kira da kanta, ya isa manhajar ta fitar da sunayen waɗanda ake jira gobe da waɗanda suka yi fashi, wani ma'aikaci ya zauna da wayar likita na rabin sa'a ya kira su. Kalmomin su zama gajeru, da gaisuwa a gaba, ba tare da ambaton ciwo ba idan wani ne ya ɗauka: "Salamu alaikum Baba, ina wuninku? Daga likita ne. Gobe Talata da hantsi muna jiranku. Ku zo da karnenku da kwalin maganinku, ko babu komi ciki." Lokaci kuma a ɗaure shi da salla, ba da agogo ba. "Ƙwaya ɗaya bayan asuba" tana zama a kai fiye da "ƙarfe 6 na safe". Kafin azumi da makonni a fitar da jerin masu ciwon sukari da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, a kira su su zo likita ya duba yadda za a daidaita musu, domin yawancinsu za su yi azumi ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba. Lambar da ake kira da ita ta zama ɗaya kullum, a sanar a masallatai da gidajen rediyon karkara cewa likita ba ta taɓa neman a turo mata kuɗi ko lambar sirri ta waya, saboda 'yan damfara sun fi farautar tsofaffi. Wanda ba shi da waya ko kaɗan, sunansa ya tafi hannun wakilin lafiya na ƙauyensu ya taka ya same shi.

Mataki na biyar, wuta da rezo, ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ke zaune a Damagaram. Kowa ya tuna yadda aka yi lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar a watan Agustan 2023, aka shafe watanni kafin ya dawo a 2024. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet a ajiye ta gefe. A zaɓi wadda ke adana bayani cikin na'ura ta tura shi idan rezo ya samu, kamar manhajar DHIS2 ta Android ko CommCare, a kuma fifita wadda hukumar lafiya ta jiha da ta gunduma suka amince da ita, domin kada majo ya wayi gari yana cika bayani ɗaya sau biyu. A sa faranti na hasken rana da batir na cajin na'urorin kaɗai, a riƙe layi biyu na kamfanoni daban, a sayi riga ga kowace kwamfutar hannu saboda ƙurar hunturu, kada a bar ta kusa da taga a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura maki 40.

Mataki na shida shi ne abin da za a cika cikin fom, kuma ƙa'idar ita ce a rage. Duk gurbin da babu wanda zai yanke shawara da shi a cire shi. Ga mai hawan jini abin da ake buƙata a kowace ziyara bai wuce awon jini, nauyi, maganin da aka ba shi da adadin kwanakin da zai kai shi, ko ya yi fashin sha, da ranar dawowa ba. A kula da wani ƙaramin abu mai rikita lissafi: ma'aikatanmu sun saba cewa 14/9, na'urar awo ta zamani kuwa 140/90 take nunawa, to a tsayar da ɗaya, manhajar ta ƙi karɓar ɗayan. A tuna cewa kyakkyawar manhaja ba ta gyara mummunan awo. Dattijon da ya sauko daga babur cikin rana a bar shi ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, hannunsa daidai ƙirji, kuma ba a ce mutum yana da hawan jini sai an samu 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban. A sa manhajar ta yi gargaɗi da ja idan awo ya kai 180/110, domin a kai mutumin gaban likita a ranar.

Sau ɗaya a shekara a ƙara ɗan gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a littafinta na kula da lafiyar tsofaffi mai suna ICOPE a 2019, wanda ke duba abubuwa shida: tunani, motsi, cin abinci, gani, ji, da damuwar rai. Ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa. A faɗa wa mutum kalmomi uku a tambaye shi su bayan ɗan lokaci, a ga ko zai iya tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da ya dafa ba, a tambaye shi ko ya rame da fiye da kilo 3 cikin wata uku ko abinci ya fita ransa, a yi masa raɗa daga baya a ji ko ya ji. Amfaninsa ga wannan tsari kai tsaye ne, domin wanda kunnensa ya yi nauyi ba a dogara da kiran waya gare shi, wanda mantuwa ta kama kuwa bayanin magani sai an yi wa mai jinyarsa.

Karne kuwa kada a janye shi. Tsoho yakan je wata likitar, yakan yi wata uku wurin ɗansa a Kano ko Maraɗi, yakan faɗi da dare a kai shi babban asibitin ƙasa na Damagaram inda babu wanda zai buɗe manhajarku. Abin da ke cikin ledarsa shi ne zai yi magana. A ci gaba da rubuta awo da magani a ciki, da zanen rana da wata ga wanda ba ya karatu.

Mataki na bakwai na ma'aikata ne. Horon kwana uku a otal ba ya koya wa kowa aiki, abin da ke koyarwa shi ne wani ya zauna kusa da ma'aikaci a ɗakin duba marasa lafiya na mako biyu na farko. A horar da aƙalla mutum uku a kowace likita, saboda canjin wurin aiki da hutun haihuwa, kowane da lambar sirrinsa, kada a manna lamba ɗaya a bayan na'ura kowa na shiga da ita. A hana ɗaukar hoton karne ko na rauni ana yawo da shi a zaurukan WhatsApp da sunan mai shi a jiki. A kuma koya wa matasan ma'aikata su fara gaisuwa su kalli mutum kafin su sunkuya ga allo, su kuma faɗa masa abin da suke rubutawa, domin dattijon da ya ga yaro yana latsa waya yana yi masa bayanin ciwonsa zai ɗauka raini ne, kuma ba zai dawo ba.

Mataki na takwas shi ne gwaji a wuri biyu da suka bambanta, ɗaya a cikin gari kamar Birni ko Zango, ɗaya a ƙauye wajen Mirya, Magarya ko Tanut, inda rezo ke zuwa yana tafiya. Kada a fara da damina, lokacin da zazzaɓi ya cika likita da yara, 'yan rakiya kuma duk suna gona. Bayan kaka ya fi, ga sarari ga ɗan kuɗi a hannun mutane. A bar gwajin ya yi wata shida, kowane wata a zauna a duba abubuwa kaɗan: cikin waɗanda aka yi wa rijista nawa suka dawo a kan lokaci, nawa awonsu ya sauka ƙasa da 140/90, nawa aka kira ba a samu ba, fayil nawa aka gano an buɗe sau biyu, kuma kwana nawa maganin ya yanke a ma'ajiya. Yawan sunayen da aka shigar ba nasara ba ne, ko da yake shi ne masu ba da tallafi suka fi son gani. Na ƙarshen nan, wato yankewar magani, a sa masa ido sosai. Idan aka kira tsoho ya biya kuɗin mota ya zo aka ce babu magani, kira na biyu ba zai ɗauka ba. Tunda manhajar ta san yawan masu shan kowane magani da ranar da nasu zai ƙare, a yi amfani da ita wajen yin oda tun wata guda kafin nan. Inda 'ya'ya ke ci-rani, za a iya sanar da su ranar sayen magani da izinin mahaifinsu, su turo ta Nita ko Airtel Money ga wanda ke gida.

Ganawa da ƙwararren likita daga nesa a bar ta sai wannan tushe ya zauna. Tana da amfani ƙwarai a ƙasar da tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, amma siffar da ta dace da mu ita ce tsoho yana zaune a CSI, ma'aikaci na gefensa ya riga ya yi awo, shi ne ke magana da ƙwararren yana fassarawa, ba a ce dattijo ya buɗe bidiyo daga gidansa ba.

Abu na ƙarshe a rubuta shi tun ranar da ake sa hannu a yarjejeniya, ba ranar da tallafi ya ƙare ba. A fayyace wanda zai riƙa biyan mega da kuɗin kira kowane wata, wanda zai gyara na'ura idan ta fashe, da asusun da za a canza batir daga cikinsa bayan 'yan shekaru, a kuma shigar da waɗannan cikin kasafin kwamitin kula da likita ko na gunduma. A rubuta cewa bayanan marasa lafiya mallakar likita da ma'aikatar lafiya ne, kuma kamfani ko ƙungiyar da ta kawo manhajar za ta miƙa su cikin fayil da kowace kwamfuta ke buɗewa duk ranar da aka nema. Kowane ƙarshen wata majo ya buga jerin sunayen masu hawan jini a takarda, da lambobinsu, awonsu na ƙarshe da ranar dawowarsu, ya kulle a kabad tare da rijistoci, yadda idan na'ura ta mutu ranar Litinin, wanda aka ce ya zo Talata za a same shi a jeri a auna shi.